Yabon da Ya Tona Asirin Kicin

A ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna yake guga. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Akwai tebur da aka lulluɓe da bargo da farin ƙyalle, da dutsen guga na lantarki, da na gawayi don ranar da babu wuta, da gorar feshin ruwa. Ya ɗaura igiya daga ƙarfen matakala zuwa wata ƙusa a bango, a nan rigunan ma'aikatan ofis suke rataye suna jiran masu su. Idan wani ya hau benen da gudu ƙura takan zubo, shi ya sa ya buga leda a saman kansa.

Kowa a layin Alƙali yake ce masa. Bai taɓa taka kotu ba, ko a matsayin shaida. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don babu abin da zai gifta ta gabansa bai yanke masa hukunci ba. Na daɗe ina kai masa kaya, kuma ban taɓa karɓar rigata ban tafi da ra'ayi ɗaya ko biyu a kai ba.

Tsallaken titi akwai shagon sayar da talabijin, manyan suna fuskantar waje ta bayan gilashi. Ta nan yake kallon fim, hannu na guga, ido na tsallake, ba ya jin ko kalma ɗaya. Wannan bai taɓa damunsa ba.

"Fim ɗin da sai ka ji magana za ka gane shi, ai ba fim ba ne, rediyo ne," in ji shi.

Sabuwar waya kuwa, idan maƙwabcinsa mai gyaran waya ya nuna masa, sai ya juya bayanta ya ƙirga idanun kamara ya ce, "Wannan me take nema da ido har uku? Ni da biyu ma na ga abin da ya ishe ni." Game da birni, hukuncinsa ɗaya ne kullum: kowa gudu yake yi, in ka tsayar da shi ka tambaye shi ina za shi, sai ya ce maka yana zuwa. Gidajen abinci kuma daga tabon da ke gaban rigunan mutane yake auna su. Miyar da ba ta fita a wanki ɗaya, mai ya yi mata yawa, kuma mai gidan yana ɓoye wani abu ne a ƙarƙashin man.

Gidan abinci ɗaya ne tak bai taɓa kushewa ba. Babba ne, a tsakiyar ofisoshi, mai ƙofar gilashi, ana buɗe shi da safe a rufe da la'asar idan ma'aikata sun watse. A kicin ɗinsa matarsa take aiki, tana yankan albasa da kayan lambu, tana wanke manyan tukwane. Maman 'yan biyu ake ce mata, saboda tagwayen 'yan matansu da ke makaranta. Yayarta ce shugabar masu girki a can, ita ta shigar da ita bayan ta daɗe tana nema. Albashin wannan aikin ne yake riƙe da makarantar yaran. Guga yana kawo na yau da gobe, amma ranar da aka yi ruwa ko aka ɗauke wuta, sai abin da Allah ya yi.

A gidan abincin akwai doka daga mai gida: duk abin da ya rage a faranti da tukunya bayan an tashi, a juye shi a shara. Dalilinsa shi ne kada masu girki su riƙa ƙara hannu da gangan don su samu na tafiya gida. Kicin kuma yana da tasa dokar da ba a taɓa faɗa a fili ba. Kowace ma'aikaciya tana da 'yar kularta a bayan tukwanen gas. Idan an rufe ƙofar gaba, Yaya ce take rabawa da ludayinta, masu ƙananan yara su fara samu. Ba a taɓa ɗanyen nama, ba a ƙara girki, ba a fita da kula a hannu sai a cikin jakar kayan aiki, ta ƙofar baya. Kuma ba a magana. Shekaru suna haka, babu wanda ya ji.

Wata ranar aiki da hantsi wasu matasa biyu suka shigo layin, mace riƙe da makirfo, namiji yana ɗauka da waya. Irin masu yawon nan ne da ke tare mutane a titi suna tambayar ra'ayinsu, su sa a intanet. Mai gyaran waya na ganinsu ya fito yana ɗaga hannu.

"Ku daina wahalar da kanku, ga wanda kuke nema can ƙarƙashin bene. Alƙali, ga baƙi, an kawo ƙara!"

Tela na shagon kusa ya bar kekensa ya fito kallo. Yarinyar ta tambayi Alƙali fim ɗin da ya fi burge shi, ya ba ta amsa aka yi dariya. Ta tambaye shi waya, aka sake dariya. Ya ji daɗin kansa, ya jingine dutsen guga, ya gyara tsayuwa. Sai ta ce, "To Baba, a duk garin nan wane gidan abinci ne ya fi?"

Ya faɗi sunan wurin aikin matarsa ba tare da ya yi tunani ba.

Tela ya tuntsire da dariya. "Ji shi! 'Yar nan kada ki yarda, ko hannun ƙofar wurin bai taɓa riƙewa ba. Daga nesa yake shaƙar ƙamshi, kamar yadda yake kallon fim."

Mutane suka fashe. Alƙali ya ce mini daga baya dariyar nan ce ta hau masa kai. Ya juya ya fuskanci kamarar sosai.

"Ni? Ni da kullum shi nake ci? Ka tambaye ni ranar kifi, ka tambaye ni ranar kaza, ka tambaye ni ranar da taliya take fin shinkafa. Uwar 'ya'yana a kicin ɗin take. Kullum ta Allah da kula take dawowa, cike. Ba ita kaɗai ba, duk 'yan kicin. Gida ne na mutunci, ba sa barin ma'aikacinsu ya kwana da yunwa. Kai da kake dariya, me aka taɓa kawo maka?"

Aka tafa masa. Matasan suka yi godiya suka wuce. Ya koma kan gugarsa yana jin ya kashe bakin tela, kuma ya yi wa gidan abincin talla kyauta. Da ya koma gida ko zancen bai yi ba.

Bayan 'yan kwanaki wani ma'aikacin banki ya zo karɓar kayansa yana murmushi. "Alƙali, ashe ka zama tauraro." Ya miƙo masa waya. Alƙali ya ga kansa, da igiyarsa da rigunansa, ya ga ashe furfurar ta fi yadda yake zato. Yana murmushi har aka zo wurin kula. An yanke duk maganar fim da waya, an bar wannan kaɗai, an rubuta sunan gidan abincin da manyan baƙaƙe a ƙasa. Ya ji muryarsa tana cewa "duk 'yan kicin", sai murmushin ya ɓace.

"Mutum nawa suka ga wannan?"

"Ai ba a ƙirgawa. A ofishinmu dai kowa ya gani, kuma can muke cin abincin rana."

Da mutumin ya tafi, Alƙali ya zare wayar dutsen guga daga bango, don kada ya ƙona rigar da ba tasa ba. Ya shiga shagon mai gyaran waya ya rage murya.

"Ka taimake ni ka goge abin nan."

"Wane abu?"

"Hoton nan nawa mai magana. Kai ne ka san cikin waya. Ka buɗe ka cire shi."

Mai gyaran waya ya fara dariya, da ya dubi fuskarsa sai ya daina. "Alƙali, a tawa zan iya gogewa, ga shi ma na goge. Amma yana wayar kowa. Ko ita yarinyar ta cire nata, wasu sun riga sun kwafa."

"To a bi su mana."

"A bi su wa? Garin gaba ɗaya?"

Ranar bai ƙara kallon tsallaken titi ba. Duk wanda ya wuce da waya a hannu, gani yake shi ake kallo. Wata mota ta tsaya a bakin layin, mutum biyu suka fito da riguna iri ɗaya, ya ɗauka shi suka zo kamawa. Ashe masu gyaran wutar lantarki ne. A motar haya da yamma wata mata a kujerar baya ta kunna wani abu aka yi dariya, ya sunkuyar da kai har ya sauka, bai san ko shi ne ba.

A gida kular tana tsakiyar ɗaki kamar kullum, yaran sun kewaye ta. Kaza ce ranar da dankali. Maman 'yan biyu ta zuba masa nasa.

"Baban 'yan biyu, lafiya? Ka zuba wa abinci ido kamar an ce da magani a ciki."

"Cikina ne."

"Kai da cikinka ba ya ƙin komai sai dutse?"

Ya buɗe baki zai faɗa, ya kalli yaran, ya rufe. Ya ce a ransa wataƙila manyan gidan abincin ba sa kallon irin waɗannan abubuwa. Wataƙila gobe wani ya yi wata wautar da ta fi tasa, a manta da shi.

Washegari kafin azahar ya hango Yaya tana tsallako titi, da farar rigar aikinta da hular kicin ba ta ko cire ba. Ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Tsakaninsu da wasa, takan ce masa mijin aro, shi kuma ya ce mata sarauniyar albasa. Ranar ba ta ko amsa gaisuwarsa ba.

"Sannu Alƙali. Sannu mai bakin zinariya."

"Yaya, ki zauna, ga kujera."

"Ban zo zama ba. An kira matarka ofis da safen nan, an nuna mata fuskarka. A gaban kowa aka buɗe bayan tukwanen gas. An ce ta je gida sai an neme ta. Ka san ma'anar sai an neme ta?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Shekara da shekaru ina raba abincin nan, ko kyankyason kicin bai ba da labari ba. Sai kai, da ba a gayyace ka ba."

"Wallahi Yaya yabo na yi. Cewa na yi gida ne na mutunci."

"To mutuncin ya kai mu. Manaja tana son ganinka yau bayan an tashi. Ka zo ta ƙofar gaba. Kuma don girman Allah ka bar bakin nan a ƙarƙashin bene."

Tela yana jin komai daga shagonsa. Bai fito ba, kekensa ma ya yi shiru.

Alƙali ya ce mini abin da ya fi tsorata shi a ranar shi ne bai san sunan laifin ba. In sata ce, to matarsa ce ɓarauniya, shi kuma ya ci kayan sata ya yi shela. Ya tambayi mai gyaran waya ko ana ɗaure mutum a kan abincin da za a zubar. Wancan ya ce bai sani ba, amma masu kuɗi in suka so, ana iya ɗaure mutum a kan ƙasa da haka. Ya cire rigar jikinsa ya goge ta, ya saka, ya ga zufa ta jiƙa ta, ya sake cirewa ya goge. Ya bar wa tela makullin akwatin kayan mutane, ya ce in bai dawo ba a ba kowa nasa.

Ƙofar gilashin da kanta ta buɗe kafin ya taɓa ta, ya ja da baya har ya taka mai gadi. Ciki da sanyi, an kifa kujeru a kan tebura, wani yana goge ƙasa. Ta wata 'yar taga ya hango matan kicin sun tsaya suna kallonsa, babu wadda ta ɗaga masa hannu, alhali yawancinsu sun ci abincin sunan 'yan biyunsa.

Manajar ba ta kai shekarun matarsa ba. Ta nuna masa kujera, ta ajiye waya a kan tebur, ba ta kunna ba. Ya duba bayan ƙofa ko akwai ɗan sanda. Babu kowa.

"Baba, kana tsammanin ban san da kulolin nan ba?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Na sani. Amma ban gani ba. Yanzu kai ka sa na gani, ka sa mai gida ya gani, ka sa masu cin abincinmu sun gani. Wasu suna rubuta cewa Allah ya saka mana. Wasu suna cewa ashe shi ya sa ake rage musu nama. Mai gida na biyun yake karantawa."

"Ranki ya daɗe, ni ne mai laifi. Ita ko sani ba ta yi ba."

"Kai ba ma'aikacina ba ne, ba zan iya korarka ba. Mai gida ya ce in abin da ka faɗa gaskiya ne, wadda aka ambata ta tafi, kuma a rubuta dalili. Ka san wadda aka sallama da irin wannan dalilin, babu kicin ɗin da zai ɗauke ta a garin nan."

Ya riƙe gefen kujera.

"Kin ce in gaskiya ne," ya faɗa a hankali.

"Haka ya ce." Ta dube shi kai tsaye. "Kuloli a bayan gas ba laifi ba ne, kowa na iya cewa abincinta take kawowa daga gida. Bakinka ne kaɗai shaida. Ni ban ce ka yi komai ba, Baba. Kuma ban yi maka alkawari ba."

Ya fito bai san ta inda ya bi ya isa gida ba. Maman 'yan biyu tana zaune a bakin gado da kayan fitarta, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, shi kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Abu ɗaya ta ce: "Da ka gaya mini jiya, da na shiga da shirina."

Mai gyaran waya ne ya nemo yarinyar mai makirfo. Ta zo da murnarta, don bidiyon farko ya karɓu. Aka tsaya a wuri ɗaya, gaban igiya ɗaya. 'Yan layin suka taru fiye da na farko. Alƙali ya roƙi tela ya tsaya kusa da shi, tela ya ce shi ba ya son kamara, amma ya tsaya.

Na ga bidiyon. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da aka ce ya ɗaga.

"Jama'a, maganar da na yi rannan ƙarya ce. Cika baki ne. Wannan bawan Allah ya yi mini dariya, ni kuma na ji kunya na ƙirƙiro. Ban taɓa ɗanɗana abincin gidan nan ba. Matata ba ta taɓa kawo mini ko ƙwayar shinkafa ba. Ranar kifi da ranar kaza, a jikin allonsu na karanta."

Yarinyar ta ce, "To Baba, fim ɗin da ka ce ya fi, shi ma ba ka gani ba ke nan?"

Aka yi dariya. Tela bai yi ba. Alƙali ya ce, "Shi ma." Ya koma bayan teburinsa.

Na biyun ya fi na farko yawo. Aka yi ta haɗa su biyun ana turawa, ana kiransa tsohon maƙaryaci. Wani ya zo har ƙarƙashin benen don ya ɗauki hoto da shi. Ya tsaya aka ɗauka, don yana tsoron in ya ƙi a sake sa shi a waya. Duk wannan bai dame shi kamar shirun gidan abincin ba. Ba a kira ba. Kullum da safe matarsa takan yi wanka ta shirya ta zauna, wayarta a cinya. Shi kuma daga wurin aiki yakan kira ta ya ce, "An kira?" har ta ce ya daina, kada su kira su ji layi a cike. Ya kira Yaya ba ta ɗauka ba. Tagwayen suka dawo daga makaranta suka ce ana tsokanarsu, ɗayar ta tambaya ko za a cire su daga makarantar ne. Ya ce wa ya faɗa mata haka, ta ce babu kowa, ita ta yi tunani.

A mako na biyu Yaya ta aiko da saƙo gajere: Maman 'yan biyu ta zo gobe da kayan aikinta. Ba ta ce aiki za ta koma ba, ba ta ce sallama za a ba ta ba.

Ranar Alƙali ya rufe da wuri, ya je ya tsaya a bakin layin gidansu inda motar haya take sauke mutane. Motoci suka yi ta zuwa suna wucewa. Can ya hango ta ta sauko, jakarta a kafaɗa, a lanƙwashe babu nauyi. Ya kasa karanta fuskarta. Ya bi ta a gefe har suka shiga ɗaki.

"Yaya aka yi?"

Ta ajiye jakar ta zauna ta cire takalmi.

"An sa mai gadi a ƙofar baya, yana buɗe jakar kowa. Da aka tashi, manaja ta tsaya a kanmu aka juye komai a shara. Rabin tukunyar shinkafa, da kifi. Mai wanke faranti, wadda mijinta ya rasu, ita aka sa ta ɗauki bokitin. Na gaishe ta ba ta amsa ba. Babu wadda ta yi mini magana yau sai Yaya, ita ma cewa ta yi in matsa."

"Amma ke fa? An ce ki koma?"

"An ce in zo gobe da wuri, akwai albasa buhu guda."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu yana hamdala. Ta bar shi ya gama. Sannan ta miƙe ta ɗaura zani a kan kayan aikinta, ta jawo tukunya daga ƙarƙashin gado ta busa ƙurar da ke kan murfin.

"Tashi ka sayo mana gawayi," ta ce. "Yaran nan ba su ci komai ba."